Tambayoyi da Amsoshi kan Aiki Tare Tsakanin Mai Tsara Shafin Intanet da Mai Shafi

Na daɗe ina tsara shafukan intanet ga 'yan kasuwa, makarantu da ƙungiyoyin unguwa a nan Kumasi, daga Aboabo da Asawase zuwa Alabar da Adum, kuma tambayoyin da ake yi mini kafin a fara aiki kusan iri ɗaya ne, ko mai tambayar Alhaji ne mai shagon kayan mota a Suame, ko shugabar makarantar Islamiyya. Na tattara su a nan tare da amsoshin da nake bayarwa. Inda na ce mai shafi, ina nufin wanda ya ba da aikin kuma zai biya, inda na ce mai tsarawa kuwa, ina nufin ni da ire-irena.

Tun da na biya kuɗina, me ya sa sai an riƙa kirana ana yi mini tambayoyi? Ashe ba aikinku ba ne?

Aikinmu ne, amma rabin abin da aikin yake bukata yana cikin kan mai shafi, kuma babu wata hanyar fito da shi sai ta zama da hira. Tela komai gwanintarsa ba ya yanka yadi sai ya ɗauki awo, kuma awon a jikin mai riga yake. Mai tsarawa ya san yadda ake sa shafi ya buɗe da sauri, ya san inda ido yake fara sauka a kan fuskar waya, amma bai san abin da mai saye yake fara tambaya idan ya tsaya a bakin shago ba, bai san kayan da suke tafiya da Sallah da waɗanda suke kwana ba, bai kuma san dalilin da ya sa wani ciniki yake watsewa a daidai lokacin da ake shirin ƙulla shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia ce ta koya mini wannan. Na kwana biyu ina jera mata kayanta bisa nau'in yadi da ƙasar da aka saƙa shi, na kai mata ina jin na burge. Ta karɓi wayar, ta gyara zaman tabarau, ta yi ta ja da yatsa sama da ƙasa, sannan ta ce, "Ɗana, aiki ya yi kyau, amma ina na lefe? Ina na anko? Ina na fitar suna?" Na ce, "Hajiya, ai duk suna ciki." Ta ce, "Matar da za ta aurar da ɗanta ba ta zuwa ta ce mini tana neman yadin ƙasa kaza, cewa take yi, Hajiya, haɗa mini akwati." A wannan zaman muka rushe jerin muka sake shi bisa sha'anin da ake saye dominsa. Ita ce kuma ta sa na daina rubuta turmi kawai, na koma rubuta yadi 6 ko yadi 12 a fili, domin ta sha rigima da masu saye daga nesa a kan abin da kowa yake nufi da kalmar. Babu littafin koyon kwamfuta da zai gaya mini waɗannan abubuwa biyu.

Ban iya kwamfuta ba, ko saƙon imel sai yarona ya buɗe mini. Wace gudummawa zan iya bayarwa?

Ba a neman sanin kwamfuta daga mai shafi, sanin sana'arsa ake nema. Wanda ya shekara 20 yana ciniki a Alabar zai iya lissafa tambayoyi goma da kowane baƙo yake yi masa ba tare da ya tsaya tunani ba, kuma waɗannan tambayoyin su ne ƙashin bayan shafin. Idan rubutu yana yi masa nauyi, ya yi maganar da baki a saƙon murya na WhatsApp, da Hausa ko da harshen Twi, ni zan mayar da ita rubutu in karanta masa ya gyara. Sau da yawa abin da mutum ya faɗa da bakinsa ya fi abin da ya zauna ya rubuta daɗi, domin idan ya ɗauki biro sai ya koma kwaikwayon harshen ofis.

Sai dai akwai wurin da nake roƙon a kula. Tun watan Yuli na 2007 aka sauya kuɗin Ghana, aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1, amma har yau dattawa da yawa a kasuwa da tsohon lissafi suke magana. Idan Alhaji ya ce mini kaya kaza miliyan biyu ne, sai na tambaya ko sidi 200 yake nufi, kuma galibi shi yake nufi. Saboda haka ba na sa farashi a shafi sai na turo jerin a rubuce da lambobi, mai shafi ya duba da idonsa ya amince.

Me ya kamata in tanada kafin zamanmu na farko?

Ya zo da sunan kasuwancinsa yadda yake a takardar rajista, da tambarinsa idan yana da shi, da lambobin wayar da ake ɗauka da gaske, da adireshin GhanaPost GPS na shagon, wato lambar da take nuna wurin a taswirar waya, tun da tsarin yana aiki tun 2017 kuma ya fi kwatancen bayan masallaci kusa da mai shinkafa da wake amfani ga baƙo. Ya kuma zo da amsar tambaya guda: idan mutum ya buɗe shafin, mene ne abu ɗaya da ake so ya yi kafin ya rufe? Ya kira waya, ya biya kuɗi, ya cike takardar neman gurbin karatu, ko ya zo shago? Wanda ya ce duka yana so, sai mu zauna mu jera su, domin fuskar waya ba ta da faɗin da za ta ba kowane abu wuri na farko.

Muna gari ɗaya, masallaci ɗaya muke salla. Rubuta yarjejeniya ba nuna rashin yarda ba ne?

Wannan tambayar takan zo ne da murmushi, amma na san nauyinta, domin a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi a nan Ghana, kunya tana da girma, kuma yaro ya miƙa wa sa'an mahaifinsa takarda ya ce ya sa hannu abu ne da yake bukatar ladabi. Amsar da nake bayarwa ita ce, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin. Rubutu maganin mantuwa ne. Bayan wata uku, ni zan tuna cewa shafuka biyar muka yi magana, mai shafi zai tuna cewa har da wurin biyan kuɗi, kuma kowannenmu zai rantse da gaskiyarsa.

Takardar ba sai ta yi tsawo ba. Ta faɗi yawan shafuka da abin da kowanne zai ƙunsa, wanda zai kawo hotuna da rubutu da ranar da zai kawo, sau nawa za a yi gyara kyauta, nawa ne kafin alƙalami da lokacin da za a cika sauran, da kuma wanda zai mallaki aikin idan an gama biya. Akwai sharaɗin da na ƙara bayan abin da ya faru a 2022, shekarar da dala ta tashi daga kusan sidi 6 a farkonta ta kai sidi 13 a watan Nuwamba. Sunan adireshi da masaukin shafi da dala akan biya su, don haka yanzu ina raba kuɗin aikina da kuɗin waɗannan abubuwa, in rubuta cewa na biyun zai bi farashin ranar da aka biya. Kafin nan na sha cika gibi daga aljihuna saboda kunyar komawa wurin dattijo in ce masa kuɗi ya ƙaru. Takardar tana ɗaure mai tsarawa kamar yadda take ɗaure mai shafi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ranar da za a gama askin tana rubuce.

Da sunan wa za a yi rajistar adireshin shafin, kuma wa zai riƙe kalmomin sirri?

Da sunan mai shafi, da imel ɗinsa, da lambar wayarsa, kuma kalmomin sirri su kasance a hannunsa tun ranar farko. A duk amsoshin nan, wannan ce ba na sassautawa a kanta.

Shafi yana tsaye ne a kan abubuwa biyu da ake haya. Na farko shi ne sunan adireshi, wanda mutane suke rubutawa su iso, ko mai ƙarewa da .com ko da .com.gh na ƙasarmu. Ba a sayensa har abada, haya ake biya, galibi shekara-shekara. Na biyu shi ne masauki, wato wuri a kan wata kwamfuta da ba ta barci, inda hotuna da rubutun shafin suke ajiye. Kakanninmu fataken goro da suka riƙa bin hanyar Salaga sun san wannan tsari sarai: baƙo yakan sauka wurin maigida, maigida ya ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya karɓi la'adarsa, amma ba a taɓa jin kayan sun zama na maigida don suna ɗakinsa ba. Mai tsarawa maigida ne a wannan ma'ana. Yana iya kula da adireshi da masauki a madadin mai shafi, ya kamata ma a ba shi izinin shiga don ya yi aikinsa, amma mallaka ta mai kaya ce.

Na ga abin da saɓanin haka yake jawowa. Wata makaranta ta zo mini da kuka bayan shafinta ya ɓace rana ɗaya, alhali adireshin yana jikin motar ɗaukar yara, yana kan allon bakin ƙofa, yana kan kowace takardar sakamako. Wanda ya yi musu aikin ya yi rajista da imel ɗinsa, ba da wata mugunta ba, don dai ya fi masa sauƙi, daga baya ya yi tafiya ya sauya lamba. Saƙonnin gargaɗi na ƙarewar haya duk sun tafi akwatin da babu mai buɗewa. Ga adireshi mai .com akwai ɗan wa'adi bayan ƙarewar haya, har da kwanaki 30 na fansa da ƙarin kuɗi, amma wanda sunansa yake kan rajista shi kaɗai yake da ikon fansar. Muna neman mutumin har wa'adi ya wuce, wani ya saye sunan. Dole aka zaɓi sabon adireshi, aka sake fentin mota da allo, aka sake buga takardu, kuma kuɗin wannan ya fi na tsara shafin tun asali.

Shi ya sa ranar da za a yi rajista nake so mai shafi yana zaune kusa da ni, lambar tantancewa ta shigo wayarsa, ya rubuta kalmar sirri a littafin da yake ajiye takardun shago. Idan mai tsarawa ya ƙi wannan, ko ya ce ba a yin haka, ya kamata a tambaye shi dalili a kuma saurari amsar da kyau.

Idan na ga abu bai yi mini ba, yaushe zan yi magana?

Nan take, ko da ana jin nauyi. Tun ran gini ran zane. Aikin yana tafiya ne mataki-mataki: da farko zane a takarda ko a fuskar kwamfuta wanda babu launi babu hoto, sai akwatuna da ke nuna inda kowane abu zai zauna, daga nan samfuri mai launi, sannan ginin gaske. Matsar da akwati a matakin farko aikin minti biyar ne, amma matsar da shi bayan an gina, an haɗa shi da wurin biyan kuɗi, an gwada a wayoyi daban-daban, yana iya cin kwanaki.

Abin da ya fi ba ni wahala a aikin nan shi ne kawaici. Mutum zai duba samfuri ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka," alhali zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ana gobe za a buɗe shafi ya kira ya ce shi fa tun farko launin nan bai yi masa ba. Saboda haka na daina tambayar ko ya yi kyau, domin amsar kullum e ce. Sai in miƙa masa waya in ce, "Alhaji, a ce kai baƙo ne daga Tamale kana neman farashin batir, nemo mini." In yi shiru in kalli yatsarsa. Inda ta tsaya tana yawo, nan gyara yake.

Idan ra'ayinmu ya saɓa, maganar wa za a bi?

A kan abin da ya shafi kaya, farashi, harshen da masu saye suke ji, da abin da ya dace da mutuncin gidan, maganar mai shafi ce ta ƙarshe, kuma mai tsarawa da yake jayayya a nan bai san matsayinsa ba. A kan abin da ya shafi sauri, tsaro da sauƙin karatu, ya kamata a saurari mai tsarawa, shi kuma ya kawo hujja da za a gani, kada ya fake da cewa shi ne masani.

Rigimar da ta fi yawa ita ce ta hotuna. Mai shafi yakan so a fara da manyan hotuna goma masu juyawa, wani lokaci har da bidiyo da sauti mai tashi da kansa. Hoto ɗaya daga wayar zamani yakan kai megabait 3 zuwa 5, kuma wanda zai buɗe shafin yana cikin motar haya da ragowar data da yake lallaɓawa. Ba na gardama da baki. Ina ɗaukar ƙaramar waya mai araha, mu fita daga ofis inda babu wayifai, mu buɗe samfuri biyu, mai nauyi da marar nauyi, mu ƙirga da baki. Gani ya kori ji, kuma ban taɓa ganin wanda ya zaɓi mai nauyin bayan wannan gwaji ba. Akwai kuma lokutan da ni ne nake kuskure. Na taɓa cire hoton wani dattijo daga shafin farko don ina ganin tsohon yayi ne, ɗansa ya nuna mini cewa abokan cinikinsu na Bawku da Techiman fuskar tsohon suka sani, da ita suka yarda, sunan kamfanin kuwa ko riƙe shi ba su yi ba. Na mayar da hoton, na kuma ƙara masa girma.

Mu ƙungiya ce mai shugabanni da yawa. Kowa zai iya ba da umarni?

Kowa zai iya ba da shawara a zamanku, amma mutum ɗaya za ku wakilta ya riƙa kawo mini matsaya. Idan shugaba ya ce kore, sakatare ya kira da dare ya ce shuɗi, ma'aji ya ce a dakata, aikin tsayawa yake yi, kuma a ƙarshe laifin a kaina yake sauka.

Idan aiki ya yi jinkiri, laifin wa ne?

A gaskiya akan raba shi. Akwai masu tsarawa da suke karɓar aiki biyar a lokacin da ƙarfinsu na biyu ne, su riƙa cewa gobe, kamar telan da ya tara ɗinkin Sallah. Amma a nawa lissafin, abin da ya fi tsayar da aiki shi ne jiran hotuna da rubutu daga mai shafi, wanda yake ganin tun da ya biya kafin alƙalami, sauran ba nasa ba ne. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa, kamar ɗaukewar wuta da muke kira dumsor, ko abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Ghana da maƙwabtanta suka shiga kwanaki na wahalar sadarwa. Wanda yake son shafinsa ya kama kasuwar Sallah ya fara magana tun kafin watan Sha'aban, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta yaya masu saye za su biya, kuma me ake bukata daga wurina?

A Ghana shafin da ba ya karɓar kuɗin waya ya rufe wa mafi yawan masu saye ƙofa. MTN ta fara nata kuɗin wayar, MoMo, a 2009, ga Telecel Cash da AT Money, kuma tun 2018 ana iya tura kuɗi daga wannan layi zuwa wancan. Kamfanoni irin su Paystack da Hubtel suna haɗa shafi da waɗannan hanyoyi da katin banki, suna cire ɗan kaso a kowane ciniki. Haɗawar aikin mai tsarawa ne, amma asusun dole ya zama na mai shafi, da Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da takardun rajistar kasuwancinsa, kuɗin kuma ya faɗa hannunsa kai tsaye ba tare da ya ratsa ta wurin mai tsarawa ba.

Akwai tambayoyin da shi kaɗai zai amsa, kuma gara a amsa su kafin ciniki na farko ya shigo. Wa zai ga saƙon cewa an biya, kuma cikin awa nawa za a kira mai saye? Idan kayan na cikin gari ne, mai babur ko mai pragya, wato babur mai ƙafa uku, zai kai, kuma wa zai biya shi? Idan na Accra ne ko na Bolgatanga, a wace tasha ake ba direba saƙo, kuma yaya ake sanar da mai karɓa? Idan kaya sun ƙare bayan an biya, yaushe ake mayar da kuɗi? Maɓallin biya ba ya ɗaure kaya ba ya kai su tasha, mutum ne yake yi, kuma ina so in san sunansa kafin in kunna maɓallin.

Da wane harshe za a rubuta shafin?

Da harshen da masu sayen suke karantawa, wanda ba lallai ne ya zama wanda suke magana da shi ba. Mutane da yawa a zangunanmu suna jin Hausa kamar me, amma Turanci suka saba karantawa a waya, don haka sau da yawa Turanci mai sauƙi tare da saƙon murya ko gajeren bidiyo da Hausa ya fi dogon rubutu aiki. Mai abokan ciniki a Burkina Faso, Togo ko Kwaddibuwa yana bukatar ko da shafi ɗaya na Faransanci, kuma shi ya san yawansu, ni ban sani ba. Idan za a rubuta Hausa, a zaɓi salon haruffa da yake ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, haka ma ɛ da ɔ na Twi da alamar sidi, domin salon da ba shi da su yakan nuna ƙaramin akwati a gurbinsu ko ya aro harafi daga wani salo, rubutu ya fito kamar an yi masa faci. Fassarar inji kuwa ba na sa ta a shafi sai wani mai jin harshen ya karanta ta da ƙarfi a gabana.

Akwai abin da doka ta ɗora mini a matsayina na mai shafi?

Akwai, kuma hira tun da wuri ce take fito da shi. Duk wanda yake tara sunaye, lambobin waya ko bayanan ɗalibai ya shiga ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, wadda ta bukaci a yi rajista da hukumar kare bayanai, a kuma tara abin da ake bukata kawai. Makaranta ta nemi yardar iyaye kafin ta sa hoton yaro. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005, mai lamba 690, tana kare hotuna da rubuce-rubuce, don haka ɗauko hoton kayan wani daga intanet a liƙa ba daidai ba ne, ban da cewa mai saye yana ganewa idan kaya suka iso ba kamar hoto ba. Masu sayar da maganin gargajiya, kayan abinci ko man shafawa su sani cewa hukumar kula da abinci da magunguna tana tantance talla kafin a fitar da shi, kuma ba zan rubuta cewa magani yana warkar da cuta kaza don kawai an ce in rubuta ba.

Ina da WhatsApp da Facebook, ciniki kuma yana tafiya. Lallai ne sai na yi shafi?

Ba lallai ba ne, kuma na sha mayar da mutane da kuɗinsu saboda wannan. Mai sayar da fura ko koko wanda duk masu sayensa suna unguwa ɗaya, WhatsApp Business da wuri a taswirar Google sun ishe shi. Shafi yana amfani ne ga wanda baƙi suke nema ta Google, ko wanda yake hulɗa da kamfanoni da hukumomi da suke son ganin adireshi da imel mai sunan kasuwancinsa, ko wanda ya gaji da amsa tambaya ɗaya sau hamsin a rana. Ya kuma tuna cewa asusun Facebook ana iya rufe shi ko a sace shi, masu bibiyarsa su tafi tare da shi.

Bayan an buɗe shafin, shi ke nan mun rabu?

A'a, sai dai yawan haɗuwar ya ragu. Yawancin shafukan da muke yi a kan WordPress suke, manhajar da ta fito tun 2003, kuma ita da ƙananan manhajojin da ake liƙa mata suna bukatar sabuntawa a kai a kai, in ba haka ba ɓarayin intanet su sami ƙofa. Takardar tsaro da take sa adireshi ya fara da https ita ma tana da wa'adi, kuma tun 2018 Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, yake yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro a gaban mai saye. Wannan ɓangaren nawa ne, tare da ajiye kwafin shafin a wani wuri daban, idan mun yi yarjejeniyar kulawa ta wata-wata ko ta shekara.

Ɓangaren mai shafi shi ne gaskiyar abin da yake rubuce. Farashin bara, lambar da aka daina amfani da ita, da sanarwar rangwamen Sallar da ta wuce sun fi rashin shafi ɓata suna. Don haka kafin in miƙa aiki nakan nemi a ba ni mutum ɗaya daga shagon, ɗa ne ko 'ya ko yaron shago, in zauna da shi awa biyu ya sauya farashi da hannunsa, ya ɗora hoto, ya goge kayan da suka ƙare, har sai ya yi sau uku ban sa baki ba. A shagon Hajiyar Kejetia jikarta ce ta karɓi wannan aiki. Duk ranar Asabar bayan la'asar takan zauna a kan buhun kaya da waya a hannu, Hajiya tana kiran suna da farashi da tsohon lissafi, ita kuma tana cire sifiri huɗu tana rubutawa.